Na'urar Biriji a Hanyar Nasko

Ku da kuke zaune a rumfunan gyaran waya na bakin kasuwar Kontagora, kuna cire fasasshen gilashi ku manna sabo, a kira ku injiniya ku amsa, ina kallonku. Ba raina ku nake yi ba, abinci kuke nema. Amma kwanan baya na ji ɗayanku yana cewa sana'ar nan hutu ce, kana zaune a inuwa aiki yana zuwa ya same ka. Shi ya sa zan ba ku labarin wani aiki da na taɓa karɓa, wanda ya kusa sa a turbuɗe ni a gefen hanya ba wanka ba salla.

Rediyon farko da aka bar ni na buɗe, na wani mai shayi ne, kuma sai da na daɗe ina shara da ɗebo ruwa a shagon Oga Ndagi kafin a kai ga haka. Oga Ndagi Banufe ne, Hausarsa a karkace, amma hannunsa bai taɓa karkacewa ba. In babu wuta, a garwashi muke gasa ƙarfen narka dalma, ni ne mai fifita. In ya yi zafi da yawa ya ƙona fanel, wato allon cikin rediyo, in bai yi ba dalma ta dunƙule, kowanne kuwa kunnena ke biya. Shi ya koya mini in saurari rediyo kafin in kwance shi, in sansana fanel in gane abin da ya ƙone, in zuba kusoshi a gwangwanin kifi don kada ko ɗaya ya yi ƙafa. Mita guda gare shi mai allura, yana nannaɗe ta a tsumma, ba na taɓa ta sai na wanke hannu. A wurinsa na iya rediyo da kaset da talabijin, daga baya zamani ya tura ni kan wayar hannu da kwamfuta, na bi ina gunaguni.

Wata ranar Asabar da hantsi Alhaji Sule, tsohon sakataren ƙaramar hukuma, ya tsaya da mota a ƙofar shagona. Bai fito ba, hannu ya ɗaga mini. Da na leƙa sai ya nuna mini kwali a kujerar baya, ya ce aiki ne, amma aikin da ba a yi da baki. A ciki akwai wasu na'urori masu kama da POS ɗin masu cire kuɗi, kowacce da ɗan gilashi da madannai, sai wani ƙaramin akwati mai eriya, da tsohuwar kwamfutar cinya. Ɗansa likita ne ya aiko daga Ingila, na hannu ne, wata ƙungiya a can ta sabunta nata.

Ashe Alhaji Sule da wasu tsofaffi abokansa suna da wani wasan karta da suke kira biriji. Malaman Indiya da suka koyar a kwalejojinmu a da can su suka koya musu suna samari, suka riƙe shi har furfura. Duk Asabar bayan azahar suna haɗuwa a wani ɗaki na bayan gidan Alhaji Sule, iyalansu kuwa sun san taron 'yan fansho ake yi. Ba kwabo a wasan, ko goro ba a sawa. Amma kun san garinmu. Karta karta ce, wanda ya gan ka da ita ba zai tsaya tambayar ko da kuɗi ko babu ba.

Mutum huɗu ke zama a tebur, biyu-biyu, abokinka yana fuskantarka. Kujerun suna da suna: Arewa da Kudu gefe ɗaya, Gabas da Yamma ɗaya gefen. Rabon katin da aka buga a wannan tebur shi ake kai wa na gaba, a ƙarshe a gwada wa ya fi iya sarrafa shi. Wurin ƙirgen nan ne rigima take, don idanu sun yi rauni, kowa kuma tsohon babba ne a ofis, ba mai yarda ya yi kuskure. Na'urar ita ta raba gardama. Kowane tebur da tasa. In an gama hannu, wato zagaye ɗaya na wasan, Arewa ya danna abin da aka yi, Gabas ya duba ya amince, sai saƙon ya tashi ta iska zuwa akwatin mai eriya, ya fito a kwamfuta. Ba layin waya, ba sim, ba waya a ƙasa da tsoho zai yi tuntuɓe da ita.

Aikina ya fara daga batir. Biyu daga cikin na'urorin batir ya yi amai a ciki ya cinye ƙarfen, na kankare na saka sabon ƙarfe daga tsohuwar tocila. Madannan roba sun gaji, na wanke su da sifirit na goga musu bakin fensir a ƙasa. Sai matsalar tebur na baranda, wanda saƙonsa ba ya ratsa bango. Na cire guntuwar eriyar Bature na auna wayar tagulla na ɗaura doguwa, saƙo ya riƙa shiga tun kafin tsoho ya ɗage yatsa. Na yi alfahari da wannan eriya, ba zan ɓoye ba. Daga nan suka ce haruffan Turancin sun yi musu ƙanana, sai na yanka takarda na rubuta da manyan baƙaƙe, Arewa, Kudu, Gabas, Yamma, na manna da salatif. Madannin da ake dannawa in an kasa cika alkawarin cin da aka ɗauka a wasan na rubuta masa "sun faɗi". Shekaru na yi ina zuwa duk Asabar in kunna in kashe, in ci ƙosai in sha kunu, amma wasan kansa bai taɓa shiga kaina ba.

A cikin tsofaffin wanda ya fi kowa iyawa shi ne Malam Garba, tsohon hedimasta, mutumin Nasko. Duk mako yake shigo motar haya. A garinsu shi ake turawa gaba in liman ba ya nan, shi ake kai wa rabon gado da rikicin iyakar gona. Ba ya yawan magana, kuma shi kaɗai ne yake tambayata ko na ci abinci kafin ya tambayi ko na'ura ta tashi.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ba sai na gaya muku ba. 'Yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, daga wajen Mashegu har Dukku ba wanda ke noma da kwanciyar rai. Kalmar da ta fi bindiga ban tsoro a lokacin ita ce infoma, wato mai kai wa ɓarayin daji rahoto. In aka kira ka da sunan nan a ƙauye, da wuya ka kai gaban alƙali. A cikin wannan hali Malam Garba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Da ya ɗan farfaɗo, tsofaffin suka yanke shawarar su je gaishe shi, su buga masa tebur biyu a zaurensa a rufe, ko ransa ya yi sanyi.

Ranar tafiya da safe na tarar bakin akwatin mai eriya, inda ake soka wayar kwamfuta, ya ɓalle. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni na fafe. Suka ɗauki katin suka wuce a mota, ni kuma na tsaya na narka dalma na gyara, na zuba komai a jaka na hau babur.

Ana kusa da Nasko, a bakin wani ƙauye, na tarar da gungume a gicciye da 'yan sa-kai a gindin mangwaro, da bindigogin toka da adduna, layu har wuya. Motocin tsofaffi masu manyan riguna sun wuce da ɗaga hannu. Ni kuwa baƙo ne a kan babur da jaka a baya. Babbansu, wanda suke kira Kwamanda, baƙin mutum ne siriri, Hausarsa da ji ta ɗan Kambari ce. Ya ce in sauke in buɗe. Da POS suka fara ɗauka, har ɗaya ya yi dariya ya ce a ciro masa na goro. Sai Kwamanda ya zaro akwatin da doguwar eriyata tana lilo, dariya ta ɗauke.

Ya ɗauki na'ura ɗaya ya kai kusa da ido, ya karanta rubutuna a hankali, kalma-kalma. Arewa. Kudu. Gabas. Yamma. Sun faɗi. Ya nuna madannin da ke da alamar kati mai kama da kan mashi ya tambaye ni wannan fa. Ya ce su waye suka faɗi, kuma wa nake gaya wa ta inda za a shigo. Na ciro wayata in kira Alhaji Sule, babu sabis ko ɗigo, don an daɗe da lalata ƙarfen sabis na yankin. Kwamanda ya ce to wannan abin nawa da me yake aika saƙo. Ni da bakina na ce ba ya buƙatar sabis. Baki shi ke yanka wuya.

Suka zaunar da ni a ƙasa, suka cire mini takalmi. Na ce wasan karta ne na tsofaffi, ya ce ina kartar. Babu. Ya ce to in faɗi yadda ake yi. Na fara kame-kame da ɗan abin da na tsinta a bakin ƙofa, cewa ana yin ciniki tukuna, wanda ya ci cinikin sai abokinsa ya baje katinsa a tebur ya naɗe hannu, shi ne tsofaffin ke kira gawa.

"Gawar wa?" in ji Kwamanda.

Wani daga baya ya ɗana kunamar bindiga, na ji ƙarar sarai. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Kuma ko a lokacin ban ga laifinsu ba. Mutanen nan sun binne 'yan'uwansu, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Dabara ɗaya ta zo mini. Na ce abin nan ba ya nisa, daga ɗaki zuwa baranda ne, a gwada a gani. Na kunna kwamfuta a kan cinyata, na ba ɗayansu na'ura na ce ya yi ta tafiya yana danna madanni, in ya wuce waccan kukar saƙo zai yanke. Ya tafi yana dannawa, fitilar akwatin tana ƙyaftawa. Ya kai kukar, tana ƙyaftawa. Ya wuce kukar, ba ta daina ba. Na manta a fili muke, ba bango ba kwano, ga kuma eriyar da na ɗaura da hannuna tana aikin da na sa ta. Ban taɓa roƙon Allah aikina ya lalace ba sai ranar. Sai da mutumin ya kai wata kwalbati can gaba fitilar ta mutu. Kwamanda ya dube ni ya ce na ce kuka, ga shi ta kai kwalbati, ƙarya ɗaya ke nan, saura nawa.

Wasu suka ce a shiga da ni daji a gama. Abin da ya tsayar da su sunan Malam Garba ne da na yi ta maimaitawa. Kwamanda ya ce Malam Garba da ya sani ba ya karta, shi ya raba musu gadon ubansu. Amma tunda na ambace shi, za a kai ni gabansa. In ya san ni da abin nan, shi ke nan. In bai sani ba, ba za a dawo da ni ta wannan hanya ba.

Suka ɗaure mini hannu ta baya da igiyar babur ɗina, suka sa ni a tsakiyar mutum biyu. Muna shiga Nasko mutane suka biyo mu, kalmar tana gaba muna binta. Kafin mu kai ƙofar gidan Malam Garba, taron ya cika layin, har da masu duwatsu a hannu.

Tsofaffin suna zaure a kan tabarmi, an jingina Malam Garba da matashi a jikin bango. Da suka ji hayaniya sun riga sun ɓoye katin. Aka buɗe ƙofar zaure duka biyu, jama'a suka yi cincirindo. Kwamanda ya durƙusa ya gaida Malam, sannan ya zube kayan a tsakiya ya tambaya ko sun san ni. Alhaji Sule ya ce ƙwarai, mai gyara ne, mutumin kirki, a kwance shi. Kwamanda ya ce na'urar fa, ta mece ce. Alhaji Sule ya dubi ƙofa, ya ga liman da masu unguwa da yaran gari, ya dubi Malam Garba. Sai ya ce ta lissafin fansho ce.

Na san don ya rufa wa abokinsa asiri ya faɗa, bai san abin da na riga na faɗa a shingen 'yan sa-kai ba. Amma da wannan kalma ya kashe ni. Kwamanda ya juyo ya ce ni na ce karta, Alhaji ya ce fansho, kuma Alhaji ba zai yi ƙarya ba. Aka kama wuyan rigata aka fara ja. Sauran tsofaffin kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Sai muka ji Malam Garba yana buga tabarma da hannun hagu. Maganarsa ba ta fita sosai, sai an kasa kunne. Ya ce a sake ni. Ya cusa hannun nan guda ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai, ya daɗe yana lalube, ya jawo katin ya watsa a gaban kowa. Wasu suka zame har bakin ƙofa, kusa da ƙafar liman.

"Karta ce," ya ce. "Tawa ce. Tun kafin a haife ku nake yi."

Alhaji Sule ya ce, "Haba Malam," a hankali, Malam bai ko dube shi ba. Ya ce wa Kwamanda ya zauna ya gani da idonsa, don kada gobe a tare wani bawan Allah a kan abin da ba a sani ba. Ya sa aka kwance ni, ya ce in kunna.

A nan, ƙofa a buɗe, garin Nasko yana kallo, dattawa huɗu suka zauna suka raba kati. An jingina wa Malam nasa a bayan wani littafi don ba ya iya riƙewa. Aka yi cinikin da Turancinsu, Alhaji Sule ya ci, Malam da yake abokinsa ya baje katinsa ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, ya jingina da bango. Kwamanda ya tambaya ko wannan ce gawar, Malam ya ce ita ce. Da aka gama, Arewa ya danna, Gabas ya amince, lamba ta fito a kwamfuta. Na juya gilashin na nuna wa Kwamanda, yatsuna ko ji ba sa yi saboda ɗauri.

Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Ya tsinke eriyar ya sa a aljihu, ya ce in je shinge in ɗauki takalmina da babur. Da zai fita bai durƙusa wa Malam ba kamar yadda ya yi da shigowa. Jama'a suka watse suna magana ƙasa-ƙasa, liman ya tafi ba sallama.

Na je na tsuguna gaban Malam in yi godiya, kuka ya ci ƙarfina. Ya dafa kaina ya tambaye ni ko na ci abinci.

Daga ranar ba a sake kai masa rabon gado ba. Masu zuwa gaisuwa suka ragu, har aka fara cewa ciwon nasa sakayyar caca ce, mutumin da bai taɓa cin sisin kowa a tebur ba. Labari ya iso Kontagora kafin mu iso, 'ya'yan tsofaffin suka hana iyayensu fita ranar Asabar, ƙungiyar ta mutu. Na'urorin suna nan a ƙasan teburina, na cire musu batir don kada ya yi amai. Ni na ci gaba da zuwa Nasko duk lokacin da hanya ta yi kyau, in gyara masa rediyo ko da rediyon lafiyarsa ƙalau.

Bai kai damina biyu ba ya rasu. Aka kira ni da safe, na rufe shago na hau babur, na samu ana shirin salla. Mutane sun zo, amma ba kamar yadda za su zo ba da a ce ya bar katin nan a ƙarƙashin buzu. A sahu na ji wani a bayana yana raɗa wa na kusa da shi cewa Allah dai Ya gafarta masa, amma ɗan karta ne.

Da aka ɗaga makara na kama kusurwar gaba ta dama. Kun san yadda ake yi, ka ɗan taka kaɗan wani ya karɓe ka, kowa ya samu lada. Mun ɗan yi tafiya sai na ji an taɓa kafaɗata, muryar nan ce ta cikin sahu, yana cewa Malam kawo in karɓe ka. Na ce ya nemi wata kusurwar, wannan tawa ce. Ban sake ta ba sai bakin kabari.